Ranar da Ɗan Azumi Ya Cika Tafki

Idan ka shiga Damagaram ka tambayi Ɗan Azumi na sibar, shagon intanet, ko mai tallan goro zai nuna maka hanya, amma sai ya yi murmushi tukuna. Wasu za su ce maka shi ne mutumin da ya kawo duniya bakin kasuwar Dole alhali bai taɓa wuce Maraɗi ba. Wasu kuma za su ce a'a, shi ne wanda ya cika tafkin Tudun Aduwa da ruwa a shekarar da ko kaji ba su samu na sha ba, har ya kusa halaka mutum biyar. Duka biyun gaskiya ne, kuma shi da kansa bai taɓa musun ko ɗaya ba. Na biyun ma shi yake fara ba baƙo, tun kafin a tambaye shi.

A Tudun Aduwa aka haife shi, wata ƴar tunga mai gida goma sha huɗu a arewacin Garagumsa. Sunansa na yanka Tahiru, amma da yake cikin azumi ya zo duniya, sunan bai ko kai shi yaye ba. Yana ɗan shekara tara babban farin wancan zamani ya tashe su, suka nufo birni a ƙasa. A hanya ƙafafunsa suka kumbura. Abokin ubansa, wani ƙaƙƙarfan manomi da ake kira Nomau, ya saɓa shi a wuya yini biyu har ƙofar Birni. Da damina ta dawo Nomau ya koma gonarsa. Su Ɗan Azumi kuwa suka zauna, don uban ya rasu a nan, uwar kuma ta ce ba ta sake bin wannan hanya.

Aji huɗu ya yi a lakwal, ya fito da ɗan Faransancin da zai karanta adireshi a bayan wasiƙa. Da shi ya samu aikin falanto, mai kai takardu daga buro zuwa buro a kan keke, ya shekara ashirin da biyu yana yi. Mutum ne mai shegen son sani. Ba a kawo wata na'ura buro bai tsaya a bayan mai aiki da ita ba, hannu a baya, wuya a miƙe, har sai an kore shi. Haka ya koyi buga takarda, haka ya koyi ciro wadda ta maƙale a injin fotokopi, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa. Da aka rufe buron aka sallame su, abin da ya fita da shi ke nan, sai keken.

Hajja Zainaba ce ta ɗauke shi. Ƴar kasuwa ce daga tsofaffin gidajen Barebarin Birni, turaren wuta da atamfa ta sani, amma ɗanta da ke karatu a waje ya matsa mata sai da ta zuba ordinater, wato kwamfuta, guda shida a wani shago aka kira shi sibar. Shara ta ɗauki Ɗan Azumi, da buɗe ƙofa da rufewa. Kafin shekara ta zagayo, ɗaliban da ke zuwa neman makarantun waje shi suke kira in abu ya cije musu. Hajja ta zo wata rana ta tarar da mai shararta yana koya wa wani mushe, wato malamin makaranta, na lise ma, babbar sakandare, yadda ake aika wasiƙa. Ta dube shi sama da ƙasa, ta miƙa masa makullin shagon gaba ɗaya.

Amma ba wannan ne ya fitar da sunansa ba. Shi yawo yake so. Da tsakar rana, lokacin da zafi ke kora kowa gida, sai ya ja kujera ya shiga intanet ba da niyyar komai ba, wannan shafi ya miƙa shi ga wancan, wancan ya jefa shi wani. Duk inda ya ga abin mamaki sai ya kwafe adireshin a kaye, littafin rubutu irin na ƴan lakwal, harafi-harafi, yana fiddo harshe, sa'an nan ya raɗa masa suna da Hausa a gefe. Akwai Kifi Mai Kuka, inda ake jin muryar wani ƙaton kifin teku da ya fi shagon girma. Akwai Masu Ƙera Allura, wanda ya kalla ya fi sau talatin, don ya ce tun yana yaro yake tambayar wa ke huda kafar allura ba a ba shi amsa ba. Wanda ya fi ƙauna kuwa shi ne Gidan Shamuwa. Wasu Turawa ne marasa aikin yi suka ɗaura kamara a bakin sheƙar wata tsuntsuwa a kan rufin gida, duk abin da ta yi kana gani a daidai lokacin da take yin sa. In ta juya ƙwai ka gani, in mijin ya makara ta yi ta kaɗa baki tana mita ka gani.

To, abu mai daɗi ba ya zama a cikin Ɗan Azumi. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci, shago ba kowa, sai ya fito bakin ƙofa ya yafito duk wanda ya gani, ƴan ga-ruwa, masu wankin hula, tsofaffin da ke zaman inuwa. Intanet ɗin wancan lokaci kuwa sai haƙuri: hoto ɗaya sai ya riƙa saukowa daga sama layi-layi kamar ana saƙa tabarma. Da wani ne, da mutane sun gaji sun watse. Shi kuwa nan gwanintarsa take. Kafin kan dabba ya fito ya haɗa gardama a kan ko mece ce, kafin a kai ƙafafu an rabu gida biyu ana rantse-rantse. Hajja ta yi faɗan wutar da ake ƙonawa a banza har ta gaji. Daga baya ita ma aka riƙa ajiye mata kujera a gaba, ita ce ma mai tambayar ko shamuwa ta ƙyanƙyashe.

Sai daminar dubu biyu da tara ta yi gardama. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Kafin bazara ƙauyuka sun fara zubowa birni, duk kangon da ba a gama ginawa ba ya cika da mata da yara. Cikinsu har da Baba Nomau, yanzu ya haura saba'in, ya ranƙwafa, da matarsa Hajara da jikoki uku ƙanana. Ya ce Tudun Aduwa ta watse kaf. Rijiya ta ƙafe, shanu sun ci har jinkar rumbuna sun mutu duk da haka, shi ne na ƙarshen fita. Abin da ya tsira da shi jaki da amalanke, sai tiya huɗu ta irin gero a ɗinke cikin buhu, wanda yake matashin kai da shi don kada yunwa ta sa wani ya taɓa. Ɗan Azumi ya samar musu kango a unguwar Garin Malam. Tsohon ya shiga jigilar ruwa da jakinsa, Hajara tana daka a gidajen mutane.

Juma'o'in wannan bazara sun fi na kullum cika. Ɗan Azumi ba shi da hatsin da zai raba wa mutane, kuma abin yana cin ransa. Kayensa yake da shi, ya kuwa buɗe shi ba rowa. Mutumin da bai karya ba tun jiya, sai ka gan shi yana dariya har da hawaye don wani biri ya fizge tabarau a fuskar Bature. Baba Nomau kan zauna a ƙasa kusa da ƙofa, bai cika magana ba sai an zo Gidan Shamuwa. Nan ya taɓa tambaya ko da gaske ne yanzu-yanzu tsuntsuwar take wannan abu. Ɗan Azumi ya tabbatar masa, ya nuna masa agogon da ke tafiya a kusurwar hoton. Tsohon ya gyaɗa kai, ya riƙe maganar.

A farkon watan shida, wata Alhamis, ya faɗa kan shafin da ya fi duk na kayen. Duniya ce gaba ɗaya a dunƙule, kana juya ta da hannu, kana saukowa daga sama kamar shirwa har ka ga rufin gidaje. Da ƙyar ya nemo Damagaram, ya ga duwatsun Birni, ya ga rumfunan kasuwa. Ranar bai ci abincin rana ba. Washegari Juma'a ya shirya abin da ya ɗauka kyauta ce ga mutum ɗaya. Ya zaunar da Baba Nomau a kujerar Hajja, ya kama kwalta daga bakin birni ya yi yamma da ita a jikin gilashin, ya wuce Tirmini, ya wuce Takeita, ya saki kwalta ya yi arewa cikin rairayi. Tsohon na yi masa jagora da yatsa: bi ta nan, akwai kuka biyu, bayansu kwari. Hoton ya yi ta saukowa layi-layi. Sai ga Tudun Aduwa.

Ga gidaje goma sha huɗu, ga hanyar rijiya. A bayan gari kuma ga tafki, cike, baƙi wuluk da ruwa, ya malala har gindin tsamiya.

Sai an san mutanen Tudun Aduwa kafin a gane nauyin wannan. Su ba sa shuka da ruwan farko, sun ce mayaudari ne, ya sha cinye musu iri. Tun kakanni alamarsu ɗaya ce: ranar da ruwan tafki ya taɓa saiwar tsamiya, ƙasa ta ƙoshi, washegari kowa ya fita da sungumi. Wanda ya yi sake danshin ya wuce shi, ya yi asarar shekara. Ga shi kuma ran Laraba kowa ya ga hadari ya haɗu ya yi yamma.

"Ɗan Azumi," in ji tsohon, "wannan ma irin na shamuwar ne?"

"Irinsa ne, Baba. Daga sama ake ɗauka."

Haka ya faɗa, kuma har zuciyarsa haka ya ɗauka. Wa ya gaya masa akwai bambanci? Mutanen da suka iya tsare tsuntsuwa da kamara, tsare gari zai gagare su? Daɗi ya rufe shi, ya ga yau ya yi wa mutumin da ya taɓa ɗaukarsa a wuya abin kirki. Baba Nomau ya share ido da hannun riga, ya sa masa albarka, ya fita da saurin da ba a ga ya yi ba tun zuwansa.

Asabar da sassafe suka tafi, su biyar da iri. Hajara ta ce a cika jarka huɗu. Tsohon ya ce nauyin banza ne ga jakin da bai ƙoshi ba, biyu sun isa. A kwalta akwai garuruwa, bayan kwalta kuma ga tafki cike yana jira. Ɗan Azumi da kansa ya taya su ɗaure kaya, ya raka su har bakin gari yana tsokanar yaran. Ranar duka an ɗauke kuran, wutar lantarki, a unguwar, shago a rufe ya yini.

Lahadi da hantsi wuta ta dawo. Ya buɗe shafin don nishaɗi kawai, ya ce bari ya ga shagon Hajja daga sama. Ya bi layin kasuwa ya same shi, ga rufin kwano, ga dogon-yaro a bakin ƙofa ya baza inuwa. Ya yi murmushi. Sa'an nan ya ɗaga kai ya dubi ƙofar shagon: rana ce tarwai, ba inuwa, sai kututture. Shekara biyu ke nan da aka sare bishiyar nan don jan waya, shi da kansa ya kwashe rassan. Ya kai fuska jikin gilashi yana neman agogo irin na Gidan Shamuwa. Babu agogo. A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙen da bai taɓa kula da su ba, an rubuta lokacin da aka ɗauki hoton. Ya koma kan hoton Tudun Aduwa. Watan shida ne, amma na dubu biyu da bakwai.

Su Baba Nomau sun yi yini guda da rabi a hanya, yanzu haka sun saki kwalta ko suna gab da saki. Daga nan zuwa tunga rabin yini ne a rairayi, ba gari, ba rijiya, a ƙarshen hanya kuma ba kowa sai busasshen tafki. Tsoho ne da tsohuwa da yara uku, ƙaraminsu na goye.

A nan halin Ɗan Azumi ya fito. Ba wanda ya san abin da ya gani sai shi. Da ya rufe shafin ya yi shiru, ba mai cewa laifinsa ne. Cewa za a yi ruwan ya janye, ko tsohon ya yi gaggawa. Wannan tunani ko wurin zama bai samu a ransa ba. Ya bar shago a buɗe ya ruga gidan Hajja, ya tsaya a tsakar gida gaban baƙinta, ya ce ya yi wa Baba Nomau ƙarya, kuma in ba a yi sauri ba ƙaryar za ta kashe mutane. Hajja ba ta tsaya faɗa ba, abin da ba a saba gani ba. Ta aika aka kira Suma'ila, maƙwabcinta mai kabu-kabu da moto, wato babur, ta sa aka juye randunanta cikin jarka uku. A wannan bazara kuwa babu abin da ya kai ruwa wuya a Damagaram.

Suma'ila a gaba, Ɗan Azumi a baya, jarka ɗaya ɗaure a kowane gefe, ɗaya a cinyarsa. Duk garin da suka tsaya tambaya sai a ce e, an ga tsoho da amalanke, yana ta yi wa mutane albishir wai an yi ruwa a arewa. A wani gari har wasu magidanta biyu sun fara haɗa kaya za su bi shi. Ɗan Azumi ya sauka ya gaya musu ba a yi ba, shi ne ya faɗa, kuma kuskure ya yi. Sau huɗu ya maimaita wannan magana a garuruwa huɗu, gaban mutanen da ba su san shi ba, kowane karo ya fi na baya ɗaci. Da suka saki kwalta moto ya riƙa nutsewa a rairayi, sai su sauka su tura. Sawun amalanke na gabansu, da sawun ƙananan ƙafafu a gefe, alamar an sauke manyan yaran don jaki ya gaza.

La'asar sakaliya suka cim musu a gindin wata aduwa mara ganye. Jakin ya kwanta. Jarkoki biyun ba ko ɗigo. Hajara ta rufe ƙaramin da zanenta, manyan biyu leɓunansu sun tsattsage, ko kuka ba sa yi. Ɗan Azumi bai yi magana ba sai da ya kwance jarka ya shayar da yaran kaɗan-kaɗan, ya ba tsofaffin, ya zuba wa jaki a kwano. Sa'an nan ya cire takalmi ya durƙusa gaban Baba Nomau.

"Baba, babu ruwa a tafki. Hoton tsoho ne. Ban sani ba, na ce maka na yanzu ne. Ku juya mu koma."

Tsohon ya dube shi sheƙeƙe. Ya ce da idonsa ya ga ruwa a gindin tsamiya, ba labari aka ba shi ba. Saura tafiya kaɗan, ga ruwan sha Allah ya kawo, jaki zai tashi, gobe war haka irinsa na cikin ƙasa. In Ɗan Azumi ya gaji ya koma, an gode. Ya miƙe ya kama igiyar jaki yana ja. Ɗan Azumi ya ba shi labarin dogon-yaro, bai saurara ba. Ya yi masa bayanin rubutun ƙasan hoto, ya ce shi bai yi lakwal ba. Hajara ta sa baki, ya daka mata tsawa. Mutumin da ya yi wata biyar yana kwana a kan tiya huɗu ta gero, yana jin jikokinsa na kukan yunwa bai kwance ɗinkin ba, ba zai saki wannan ruwa don maganar baki ba. Jakin ya tashi, amalanke ya fara motsi, fuskarsa arewa.

Ɗan Azumi ya bi shi ba takalmi a rairayi mai zafi.

"Baba, rumbu nawa ka gani a gidanka shekaranjiya?"

"Uku."

"Da jinka ko babu?"

Tsohon ya yi taku biyu, ya yi na uku, ya tsaya. Da hannunsa ya yaye jinkar nan ya ba shanu, ga shi kuma ya gan ta a hoto, ukun duka lafiya lau. Ya daɗe yana kallon arewa. Ɗan Azumi ya sunkuyar da kai yana jiran zagi ko mari, duk wanda ya zo ya cancanta. Amma da tsohon ya buɗe baki, cewa ya yi ko da haka ne ba ya juyawa. Da wace fuska zai ratsa garuruwan da ya yi wa albishir? Gara ya je ya zauna a ƙofar ɗakinsa ya jira ruwan gaskiya, in ya zo ya zo. Suma'ila ya dubi Ɗan Azumi, ya dubi ragowar ruwan, wanda bai fi na yini biyu ba.

Can Baba Nomau ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Na yaushe ne hoton?"

"Shekara uku ke nan, Baba. Farkon damina."

Tsohon ya lanƙwasa yatsu yana ƙirga. Ya juya ya dubi Hajara, ita kuwa ta riga shi kaiwa, ta sa gefen zane ta rufe baki. Uwar yaran nan uku, Wasila, ita ce autarsu, bara ta rasu wajen haihuwar wanda ke goye. Shekara uku baya kuwa, farkon damina, mijinta na Libiya neman aiki, ita tana gidansu, a ɗakin da ke kusa da rumbu na tsakiya.

"Ashe tana ciki," in ji shi a hankali. "Na ga rufin ɗakin ban kula ba, idona na kan ruwa. Tana ciki a lokacin."

Ya juyo ya dubi Ɗan Azumi.

"In mun koma, yana nan? Ba su goge ba?"

"Yana nan, Baba."

Baba Nomau ya zagaya gaban jakin, ya kama igiya ya juya kansa kudu. Ya ɗaga manyan yaran ɗaya bayan ɗaya ya ɗora su a kan buhun iri. Ya ce wa babbar ta riƙe ƙanenta da kyau, za su je su ga ɗakin uwarsu.